Mas'alar Iskar Taya a Kwanakin Ɗari

Duk wanda ya taɓa kwana a Isa ko Sabon Birni a tsakiyar watan Janairu, ya yi sammakon zuwa tasha bayan an sallame sallar Asuba, sa'ad da hazo ya lulluɓe gari har mutum ba ya shaida mai zuwa sai ya ji muryarsa, 'yan kamasho sun kewaye wutar kara suna miƙa mata tafin hannu, mai shayi yana fama da tukunyar da ta ƙi tafasa, to da wuya ya bar wurin bai ji wata gardama ba, wadda takan dawo kowace shekara kamar yadda hunturun kansa yake dawowa. Direba zai zagaya motarsa, ya sa ƙafa ya shuri taya, ya ga cikinta ya ɗan baje a ƙasa, sai ya nufi rumfar mai faci yana cewa, "Haba maigida, jiya-jiyan nan da la'asar ka ba ta iska, na biya ka, yau ga ta ta sace!" Shi kuwa mai faci, yana ƙudundune cikin mayafi, sai ya ce, "Wallahi direba, talatin da biyar na sa mata, a gabanka na auna." Ya tashi ya lakato yawu ya ɗiga a bakin bawul, a tsaya a zuba ido, ba kumfa, ya yayyafa ruwan sabulu a gefen rim, shiru, a ƙarshe a ƙara mata iska a rabu, kowa yana riƙe da zatonsa game da ɗan'uwansa.

Lafazin da muke amfani da shi ma yana da hannu a cikin wannan zargi, domin idan Bahaushe ya ce taya ta sace, kunne yakan ji kamar an ambaci sata, kuma inda aka ambaci sata sai a nemi ɓarawo. Abin da nake so in tabbatar a nan shi ne, a galibin safiyoyin hunturu babu abin da ya ɓata daga cikin tayar nan. Iskar da mai faci ya ɗura jiya tana nan cif, ƙarfinta ne ya lafa. Da za mu ari harshen malaman tauhidi da manɗiƙi, sai mu ce zatin yana nan yadda yake, sifa ce ta sauya. Amma da yake akwai kuma tayar da take yoyo na haƙiƙa, kuma alamomin biyun suna kama da juna a ido, wajibi ne a bi mas'alar daki-daki, don a san inda laifin sanyi ya tsaya da inda laifin ƙusa ya fara.

Mu fara da sanyin kansa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take tasowa, ta ratso Sahara, kuma kaso mai yawa na ƙurar da take ɗauko mana daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi yake tashi. Busasshiyar iska ce ƙwarai, shaidarta kuwa tana leɓunanmu da dugaduganmu. Danshin da ke cikin sararin sama shi ne bargon ƙasa, shi yake tare zafin da ƙasa ta sha da rana ya hana shi tserewa da dare. Idan aka yaye bargon nan, da faɗuwar rana sai zafi ya kama hanyarsa zuwa sama, ya yi ta tafiya har ketowar alfijir, wanda shi ne lokacin da ya fi kowane sanyi. Shi ya sa a ƙasar Gobir mutum zai yi gumi da azahar, ma'auni ya haura digiri 30, amma da asuba ya tarar ya sauka ƙasa da 15, musamman a ƙauyukan bakin fadama, inda Bunsuru da Gagare da gulbin Maraɗi suke tattaruwa su zama Rima, domin iska mai sanyi nauyi gare ta, kwari take gangarowa ta kwanta. Malamanmu na hisabi sun daɗe da raba shekara bisa manzilolin taurari 28, bakwai ga kowane fasali, kusan kowanne da kwana 13, kuma manomi yana jin amfanin lissafinsu. Abin da ya shafi taya a nan shi ne tazarar da ke tsakanin zafin la'asar da sanyin asuba a yini guda, wadda a wannan fasali take faɗaɗa fiye da yadda take a damina.

To, me sanyi yake yi wa iskar da ke kulle? Ɗalibin da ya zauna gaban malami ya karanta littattafan aƙida ya ji zancen jauharul fardi, wato ƙanƙanin yanki da halitta take haɗuwa daga gare shi; masana ɗabi'a na baya-bayan nan su ma sun tabbatar cewa iska tarin ƙwayoyi ce ƙanana matuƙa, waɗanda ido ba ya gani, kuma ba sa zama wuri ɗaya, gudu suke yi ta kowace fuska da saurin da ya kai kimanin mita 500 a cikin daƙiƙa ɗaya, suna karo da juna, suna dukan duk bangon da ya tare su. Wani masani mutumin Suwizalan, Daniel Bernoulli, shi ya fara tsara wannan bayani da lissafi a 1738. Abin da muke kira ƙarfin iska a cikin taya, wanda yake ɗaukar mota da buhunan gero da fasinja, ba kome ba ne illa jimillar wannan duka da ƙwayoyin suke yi wa bangon tayar daga ciki. Zafi kuwa shi ne kuzarinsu. A kwatanta da mata goma da suka kewaye turame suna daka: da safe, suna da ƙarfi, taɓare suna sauka da sauri da nauyi, can da yamma sun gaji, matan suna nan goma, ba wadda ta tafi gida, amma lugude ya yi sanyi. Haka dare yake yi wa iskar taya.

Wanda ya fara auna wannan alaƙa shi ne wani Bafaranshe, Guillaume Amontons, wajen shekarar 1700, mutumin da ya kurumce tun yana saurayi ya ba da ransa ga ƙera ma'aunai. Ya lura cewa iskar da aka kulle a cikin mazubin da ba ya buɗewa, ƙarfinta yana hawa da sauka daidai da zafinta. Bayansa Jacques Charles da Joseph Gay-Lussac suka bi ta ɗaya gefen mas'alar, wato yadda iska take kumbura idan aka ba ta fili, na biyun ya buga sakamakonsa a 1802. Sai a 1848 William Thomson, wanda daga baya aka fi sani da Lord Kelvin, ya kafa ma'aunin da yake fara ƙidaya daga ƙarshen sanyi baki ɗaya, wato digiri 273 ƙasa da inda ruwa yake daskarewa. Wannan ma'auni shi ne mabuɗin lissafin, kuma rashin saninsa kan sa mutum ya yi kuskuren ƙiyasi, ya ce tunda zafi ya sauko daga 33 zuwa 13, ashe ya kamata iskar taya ta ragu da fiye da rabi. Ba haka ba ne, domin a haƙiƙa daga 306 ya sauko zuwa 286, ragin bai kai kashi 7 cikin ɗari ba.

Bari mu yi hisabin a fili, yadda ɗan makaranta zai iya bin sa da alli. Lambobin da ke jikin gejin mai faci, waɗanda ake rubuta PSI kusa da su, suna nufin nauyin laba nawa iska take dannawa a kan kowane inci murabba'i. Sai dai geji ba ya faɗin dukan ƙarfin da ke ciki, rarar da ke bisa ƙarfin iskar waje kawai yake nunawa, ita kuwa iskar waje a ƙasarmu tana danna kimanin 14. Mu ƙaddara an ba taya 35 da la'asar, zafi yana digiri 33. Ainihin abin da ke ciki 49 ke nan. Da asuba, sanyi ya kai 13, sai a ninka 49 da 286, a raba da 306, a sami abin da ya kusa 46. A cire 14 na waje, saura 32 ba kaɗan. Uku sun tafi ke nan ba tare da ƙwaya ɗaya ta fita ba, kuma daga nan aka samo ƙa'idar da makanikai suke riƙewa, cewa ƙaramar mota tana rasa kimanin ɗaya a duk saukar digiri 5 zuwa 6. Idan kuwa direban ya taso ne daga Shinkafi ko Goronyo ya tsaya wurin mai faci tayar tana huci, iskar cikinta ta kai digiri 50, aka daidaita ta a 35 a wannan hali, to da asuba 29 da ɗoriya zai tarar, kuma a nan ne ido yake fara ganin ta baje. Babbar mota mai ɗaukar 100, da yake asalin nata ya fi yawa, ragin nata ma ya fi yawa, takan rasa 7 ko 8 a dare irin wannan.

Mai shakka ba ya bukatar ɗakin gwaji. Ya sami jarkar roba wadda ba kome a ciki, ya bar ta a rana, ya ɗaure murfinta tamau da la'asar, ya ajiye ta a tsakar gida. Da asuba zai same ta ta lotsa, gefunanta sun shige ciki kamar cikin mai azumi, idan rana ta ɗaga kuma ya ji ta yi ɓas ta koma yadda take. Bambancinta da taya shi ne ita jarka jikinta yana bin iska, taya kuwa an ɗaure ta da zare da wayoyin ƙarfe, girmanta ba ya sauyawa sai kaɗan, saboda haka sauyin yake bayyana a geji.

Wannan shi ne lafawa. Yoyo kuwa wani babi ne, kuma iri biyu ne. Akwai wanda ba makawa daga gare shi, domin roba, duk da ido yana ganinta a toshe, iska tana ratsa ta a hankali kamar yadda ruwa yake tsattsafowa ta jikin sabon tulu, har lafiyayyar taya takan rasa ɗaya ko biyu a wata. Tun da John Boyd Dunlop, likitan dabbobi a Belfast, ya naɗa wa keken ɗansa tayar iska a 1888, maƙera suke fama da wannan aibi, sai a 1937 wasu masana biyu a Amurka, William Sparks da Robert Thomas, suka haɗa robar da ake kira butil, wadda take riƙe iska fiye da robar itace nesa ba kusa ba, kuma da danginta ake yin tiyub da shafen cikin taya tubles har yau. Abin mamaki, wannan tsattsafi da zafi ya fi sauri, sanyi rage shi yake yi. Abin da ke faruwa shi ne tayar da ta yi wata biyu ko uku tana raguwa a ɓoye tun ƙarshen damina, zafin kaka yana rufa mata asiri, ranar da hunturu ya sauka sai ragi ya haɗu da ragi, asiri ya tonu, a ɗora wa dare ɗaya laifin wata uku.

Iri na biyu shi ne na rauni: ƙusa, ko guntun waya, ko ƙayar aduwa da ta bagaruwa ga masu babur da keke, ko tsidau da yake cika hanyoyin gona bayan girbi; ko rim da ya lanƙwashe a rami, ko tsatsa ta ci bakinsa; ko bawul. A ƙasashe irin Kanada da Rasha, inda sanyi yake kai digiri 20 ko 30 ƙasa da daskarewar ruwa, roba takan sandare har bakin taya da ƙaramar robar bawul su daina kamawa sosai. Namu sanyin bai kai nan ba, kuma ban ga dalilin aro musu wannan illa ba alhali muna da tamu, wato ƙura. Bawul ɗin da ke jikin kowace mota da babur, wanda gidan Schrader na Amurka ya fito da shi tun shekarun 1890, ɗan tsinke ne da sifirin da 'yar roba, kuma ƙwayar rairayi guda ta isa ta hana shi rufuwa. An yi masa hula don haka, amma a zagaya tasha a ƙirga tayoyin da hularsu take nan. Yara sun kwance wasu, wasu kuma an manta da su a rumfar faci.

Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce. Sanyi ba ya zaɓe, idan shi ne, dukan tayoyin huɗu za su sauka kusan daidai, kuma idan an cika su da safe, gobe da safe za a same su inda aka bar su. Idan kuwa guda ɗaya ce take kwantawa 'yan'uwanta suna tsaye, ko kuma tana ci gaba da sauka kullum, to a kwance ta a kai ta rabin duron ruwan nan na mai faci, a juya ta sannu a hankali har a ga inda kumfa take tasowa.

Na ce ba na ɗora wa mai faci laifin dare, amma ba zan wanke shi tas ba. Da yawansu gejinsu ya faɗi ƙasa sau ba adadi, ba wanda ya taɓa gwada shi da wani. Wasu ma ba geji, da guntun ƙarfe suke bugun taya su saurari amo. Kuma akwai al'adar duba lambar da ke rubuce a gefen taya a cika ta har can, alhali wannan lamba iyaka ce da maƙerin taya ya gindaya, ba ita ce abin da motar take so ba. Abin da motar take so yana rubuce a 'yar takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, kuma an rubuta shi ne don tayar da ta huce, wadda ta yi kimanin awa uku a tsaye. Sai kuma ruwa. Tankin injin iska yana tara ruwa a gindinsa, musamman da damina, idan ba a tsiyaye shi ba sai tururinsa ya bi tiyo ya shiga taya, shi kuwa tururi ba ya bin ƙa'idar da muka lissafa sau da ƙafa, da sanyi yakan koma raɓa ya daina turawa, sai ragin ya zarce hisabi. A manyan birane ana sayar da iskar naitrojin ana cewa ba ta jin sanyi. Gaskiyar magana ita ce iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin ɗari naitrojin ce, kuma tsantsarta ma tana lafawa da sanyi kamar kowace iska, falalarta kawai busasshiya ce, tana kuma ɗan jinkirin ratsa roba. Wanda ya sha iska a Isa a watan Janairu ya sami kusan wannan bushewa a araha.

Inda mas'alar take zama ta rai da mutuwa shi ne da rana, kuma a nan ne na fi saɓa wa direbobinmu. An gaji wani ra'ayi a tasha cewa iska mai yawa ita ke fasa taya, saboda haka idan an yi tafiya aka taɓa taya aka ji ta yi zafi, aka auna aka ga ta hau da 4 ko 5, sai a sa tsinken ashana a bawul a rage. Wannan hawan ɗabi'a ne, maƙera sun san da shi sun kuma bar masa fili. Wanda ya rage shi ya ci bashin da asuba za ta biya. Tayar da iskarta ta gaza, gefenta yana lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, kuma duk wanda ya taɓa lanƙwasa waya yana mayarwa don ya tsinke ta ya san yadda take zafi a hannu. Haka zafi yake taruwa a cikin tayar, har roba ta saki wayoyin da ke cikinta, ta fashe ana tsakar gudu. Ga lodi da ya wuce kima, ga kuma cewa tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙera taya a Ikeja a 2008, abin da talaka ya fi iya saye shi ne ta hannu, wadda ta riga ta ci rabin rayuwarta a wata ƙasa. Shekarunta suna rubuce a gefenta ga mai son sani: lambobi huɗu ne a ƙarshen wani layi, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, ta yadda 2316 yake nufin mako na 23 na 2016, kuma jami'an hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988, sun daɗe suna jan hankali a kan haka.

A Amurka sai da aka yi asarar rayuka a haɗurran motar Ford Explorer mai tayoyin Firestone kafin majalisarsu ta yi doka a 2000, wadda ta kai ga wajabta wa sababbin ƙananan motoci, daga 2007, na'urar da take kunna fitila idan iska ta gaza da rubu'in abin da aka ƙayyade. Motocin nan su ne suke iso mana ta Kwatano bayan shekaru, shi ya sa mai mota a Sakkwato ko Gusau zai ga wata 'yar fitila ruwan ɗorawa mai siffar kofato ta kama da sanyin safiya, ta mutu da hantsi, ya ce wutar motar ce ta rikice, har wani ya liƙe ta da baƙin salatif. Fitilar gaskiya ta faɗa, tayar tana gab da iyaka, sanyi ya tura ta ƙasa, tafiya ta ɗago ta.

Akwai inda rage iska yake da hujja, ban musa ba. Mai shiga ƙauyukan kan iyaka ta wajen Maraɗi, inda rairayi yake kama mota har gindi, yakan sassauta taya don ta baje ta hau bisa yashi, kuma dabara ce ta gaskiya da matafiya Sahara suka sani. Sharaɗinta shi ne a tafi a hankali, a kuma mayar da iskar da zarar an hau kwalta, abin da sau da yawa ake cewa sai an isa gari.

Saura taya ta biyar. Safaya tana kwance a but ko a rataye ƙarƙashin mota, ita ma tana tsattsafi wata bayan wata, ita ma hunturu yana lafar da ita, kuma na sha tsayawa a tasha ina kallon ana auna huɗu ana biya ana tafiya ba a ko ɗaga murfinta ba. A shekarun nan da hanyar Isa zuwa Sabon Birni da ta dajin Gundumi suka zama inda ba mai son ya tsaya ko na minti biyar, na taɓa kasancewa a motar da tayarta ta baya ta tafi, yaron mota ya yi tsalle ya sa jak, ya kwance ya ɗaura cikin gaggawar da ban taɓa gani ba, fasinja kowa yana salati yana waige-waige. Da aka sauke jak sai safayar ta zauna a kan rim. A haka muka ja ta, muna tafiyar da ba ta fi ta amalanke ba, har muka kai ƙauye na gaba, inda muka sami wani yaro da famfon keke, maza shida muka yi ta karɓa-karɓa.